Na je sarin wain mara giya a Oke-Arin, na dawo da sanin irin inabi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina girkin biki a Agege. Waina, funkaso, dambun nama, farfesun kayan ciki, da jalof ɗin da mutanen Legas ba sa yarda a tashi taro babu ita, duk ina yi, kuma alhamdu lillahi ana kira na har Idi-Araba da Mile 12 da Obalende. Ta fannin abin sha, da can zoɓo da kunun aya da lemon kwalba sun ishi kowa. Sai 'yan shekarun nan aka shigo da yayin ɗora doguwar kwalba mai wuyan zinare a kowane tebur, wadda ake kira wain mara giya. Uwar amarya za ta ce miki, "Hajiya, a sa mana ja da fari." Iyakar bayanin ke nan. Ni ma iyakar sanina ke nan, sai in ba yaro kuɗi ya ɗauko katan-katan a inda ya fi sauƙi.

Wani biki a watan Sha'aban ɗin bara ne ya raba ni da aike. Ana tsakiyar cin abinci aka ce kawun ango yana nemana. Dattijo ne mai karatu, ya daɗe yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa kafin ya ajiye. Na same shi ya sa tabarau, ya juya bayan kwalbar yana dubawa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "'Yata, kin san abin da kika ɗora mana kuwa?" Ya bi ƙananan rubutun da yatsa yana fassara mini: giya ce aka yi ta har ta nuna, daga baya aka cire mata abin da ke sa maye, wanda ya rage bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Nan take na sa yara suka kwashe kwalaben daga tebura. Daren nan ban runtsa ba. Mutane sun ba ni amanar abin da zai shiga cikinsu, ni kuma ko juya kwalbar ban yi ba.

Da aka ba ni aikin bikin 'yar wata Hajiya mai sayar da atamfa, kamu da dina, tebur arba'in, sai na ce wannan karon da ƙafata zan je. Wata abokiyar sana'ata ce ta kwatanta mini wani shago a Oke-Arin, ta ce in tambayi Baban nan mai jin Hausa. Ba zan kama sunan shagon ba, domin akwai inda zan yaba akwai inda zan kushe, kuma ban nemi izininsu ba.

Ga wanda bai sani ba, Oke-Arin tana cikin Eko ne, kusa da Apongbon, ba nisa da Balogun, kuma nan ake sarin kayan sha da kayan gwangwani. Mun fita bayan sallar asuba ni da 'yar yayata, wadda ke karatun kimiyyar abinci a Yaba. Duk da sammakon, sai wajen ƙarfe tara muka shiga kasuwar. Shagon yana cikin wani lungu, faɗinsa bai wuce na ɗaki guda ba, amma yana da zurfi, an jera katan har rufi. Gaban shagon giya ce zalla, wannan ku sani tun yanzu. Ta ciki ake ratsawa kafin a kai ɓangaren da muke nema. Ni hakan bai yi mini daɗi ba, kuma na san akwai waɗanda daga nan za su juya.

Baban mutumin Kafanchan ne, Kirista, ya yi shekara ashirin da wani abu yana hidimar tebur a wani babban otal a Victoria Island, da ya yi ritaya mai shagon ya ɗauke shi. Muka gaisa, ya tambayi gida da hanya, ya jawo mini kujerar roba guda ɗaya da ke wurin. Kafin in gama faɗin adadin da nake so ya tare ni da tambaya: "Hajiya, taron na mutanen masallaci ne, ko na kowa da kowa?" Tambayar nan kaɗai ta sa hankalina ya kwanta da shi.

Ya nuna mini kanta biyu. Ta hagu ruwan inabi ne da ba a taɓa barin sa ya tsimu ba: an matse, an tace, an ɗumama shi don kada ya lalace, an sa masa gas irin na lemon kwalba. A bayansa za ki ga an rubuta "grape juice" ko "grape must". Ta dama kuwa irin wadda ta ba ni kunya ce. An zuba wa ruwan yis, yis ɗin ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa, ya zama giya sosai, sannan aka sa a inji aka janye barasar. Wasu a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska suke ɗumama ta, don barasar ta tashi ba tare da an tafasa ba, wasu kuma tacewa suke da wani irin mataci mai ƙananan ƙofofi ƙwarai. Ita wannan rubutunta "de-alcoholised" ko "alcohol removed". Ya ce, "Ko 0.0% kika gani da manyan baƙi a gaba, juya baya ki karanta, don lambar ba ta faɗa miki ta wace hanya aka bi." Na riga na tambayi malamin unguwarmu tun bayan wancan bikin, ya ce abin da ya taɓa zama giya in bar shi. Na ji akwai masu wata fahimtar. Ni dai maganar malamina na riƙe, kantar dama ko taɓa ta ban yi ba.

Ba sa ba da ɗanɗano kyauta. Duk kwalbar da aka buɗe kin saya. Na yarda da huɗu, Baba ya aiki yaro ya sayo ƙanƙara aka nutsa su a bokiti, ni kuma na fito da dambun nama da na ƙullo daga gida, domin ban yarda in yanke wa abin sha hukunci ba tare da abincina a baki ba.

Kafin su yi sanyi ya yi mana bayanin da ban taɓa ji ba. Inabin da ake kira fari ba fari ba ne, kore ne ko ruwan ɗorawa. Kuma yawancin inabi, har baƙin, in aka matse shi ruwansa garau yake fitowa, launin yana jikin ɓawo ne, sai an bar ruwan ya jiƙu da ɓawon yake yin ja. Inabin da ake nomawa don matsa ba irin wanda ake sayar mana a roba a bakin titi ba ne. Ƙanana ne, ɓawonsu da kauri, da ƙwallo a ciki, kuma sun fi zaƙi nesa ba kusa ba, in sun nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwansu sukari ne. Sanannen koren nan mara ƙwallo da ake ci haka nan sunansa Sultana, Amurkawa na ce masa Thompson, shi ake yawan busarwa a yi zabibi. Na ce masa ai mu ma ana noman inabi a Kudan ta jihar Kaduna, ya ce ya sani, ya taɓa ci, amma na ci ne.

Kwalbar farko 'yar Sifaniya ce, irin wadda aka fi gani a bukukuwanmu, kuma ita ta fi araha. Babu sunan inabi a jikinta. Baba ya ce kwalbar ba ta faɗa ba, don haka ba zai rantse ba, amma yawancin farin ruwan inabin da Sifaniya ke fitarwa daga yankin La Mancha yake, kudu da Madrid, kuma inabin wurin sunansa Airén. Ƙasa ce mai tudu, busasshiya, rani ya yi zafi hunturu ya yi sanyi, ruwan sama kaɗan. Shi wannan inabi jure fari ne baiwarsa. Nesa-nesa ake dasa shi, a bar shi gajere dab da ƙasa, yadda manomin da ya san ƙasarsa ba ta riƙe ruwa yake ba gero tazara. Saboda wannan tazarar, wajen 1990 babu inabin da ya kai shi faɗin gona a duniya. A baki fa? Zaƙi da gas. Ba ƙamshi, ba wani abin da zai tsaya miki a harshe. Ba laifi gare shi ba, yara za su so shi, amma kofi na biyu ya fara gundurata. 'Yar yayata ta karanta jerin abin da ke ciki, ta ce, "Anti, wannan daga ruwan da aka ƙafar ya yi kauri aka sake sirka shi, an kuma ƙara sukari." Abin da na yi shekaru ina ɗora wa mutane ke nan da sunan fari.

Ta biyu ce ta sa nake wannan rubutun. Daga Afirka ta Kudu take, an rubuta Hanepoot a gabanta. Baba yana buɗewa, tun kafin ya zuba, ƙamshin ya iso ni. Furen lemon zaƙi na fara ji, sai zuma, sai wani abu mai kama da ƙamshin da ke tashi in an buɗe sabuwar ledar zabibi. Ruwansa ya fi na farkon duhu, kamar man gyaɗa mai kyau. Na kurɓa na yi shiru, 'yar yayata ma ta yi shiru.

Ya ce Hanepoot sunan da mutanen Afirka ta Kudu suka sa masa ne, sunansa na duniya Muscat na Iskandariyya, da sunan birnin nan na Masar, kuma yana cikin tsofaffin irin inabin da har yau ake nomawa. Dangin Muscat sun haura iri 200. Sai ya ce, "Hajiya, ya kuke kiran busasshen inabi?" Na ce zabibi. Ya yi murmushi ya ce a wani ƙaramin tsibirin Italiya mai suna Pantelleria, wanda ya fi kusa da Tunisiya a kan Sisili, wannan inabin da kike sha Zibibbo ake ce masa, daga kalmar Larabcin nan da ku ma kuka aro. Na ji wani iri a raina. Kalmar da kakata ke faɗa in za ta sa mana a fura ranar salla, ashe ta ƙetare teku ta zama sunan inabi a ƙasar Turawa. Da dare 'yar yayata ta nuna mini hotunan tsibirin a waya. Iska ce ke kaɗawa a can ba dare ba rana, sai manoman suke haƙa rami kamar kwano su dasa kowace kurangar a ciki, ta tashi gajeriya iska ta wuce ta samanta. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan salon noma cikin al'adun da duniya za ta adana.

Amma ga maganar da ta fi komai amfani gare mu, mu da ba ma shan wanda ya tsimu. Baba ya ce yawancin sanannun inabin nan, ƙamshin da ake yabon su da shi ba ya fitowa sosai sai yis ya yi aiki a kansu. In kika matse su kika sha haka nan, zaƙi za ki ji da ɗan abin da ba a rasa ba. Muscat ne ya fita daban, shi ƙamshinsa yana cikin ɗan itacen tun yana reshe, ko tsinka kika yi kika tauna za ki ji. Ke nan in ruwan inabi zalla za ki saya, sunan da ya fi cancanta ki biya kuɗi dominsa shi ne wannan. Na gwada da bakina, kuma na yarda.

A nan ya ja mini kunne, ni ma zan ja muku. Akwai ɗan'uwansa mai ƙananan 'ya'ya da ake nomawa a yankin Asti na arewacin Italiya, shi ne Moscato. Kwalaben da aka rubuta wa Moscato sun cika shagunan Legas, suna da zaƙi, wasu ruwan hoda, wasu da gas, kamanninsu ɗaya da namu. Mafi yawansu giya ce ta gaske, barasarta kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari ko fiye, zaƙin ne ke rufe ta. Ya ce ya sha ganin 'yan mata masu hijabi sun ɗauka suna zaton lemo ne, sai ya karɓe ya nuna musu lambar. Iyaye mata, ku faɗa wa 'ya'yanku.

Ta uku ma daga Afirka ta Kudu take, Chenin Blanc, ana furta shi kamar Shenan. Ƙamshinsa bai kai rabin na Muscat ba, ɗan na tuffa ne sama-sama. Kurɓar farko na ce a raina wannan ba zai yi ba. Sai na kai dambun nama baki na bi shi da kurɓa ta biyu, nan ya nuna kansa. Yana da tsami a ƙarƙashin zaƙin, tsami mai tsabta, ba na abin da ya lalace ba, shi ya wanke mini maiƙon daga harshe har na ji ina son wata lomar. Duk mai girki ta san dalilin da ake matsa lemon tsami a kan soyayyen kifi. Aikin da Chenin ke yi ke nan.

Asalinsa Faransa ne, kwarin kogin Loire, wajen Anjou, amma yau Afirka ta Kudu ta fi Faransa yawan gonakinsa. Mutanen Holan ne suka kai kurangar inabi Afirka ta Kudu. Shugabansu Jan van Riebeeck ya karɓi dashen farko a 1655, aka yi matsar farko ranar 2 ga Fabrairun 1659. Shekaru ɗaruruwa manoman can suna kiran wannan iri Steen, ba su san shi ne Chenin na Faransa ba, sai a 1963 wani farfesa a jami'ar Stellenbosch ya gwada ganyensu ya tabbatar abu ɗaya ne. Abin da ya sa ya karɓu a can shi ne ko rana ta yi zafi ba ya sakin tsaminsa. Baba ya ƙara da wata magana da ta tsaya mini a rai: gonakin farkon nan bayi ne suka noma su, waɗanda aka kwaso daga gabashin Afirka da Madagaska da Indiya da tsibiran Indonesiya, kuma a cikinsu akwai Musulmin da suka zama tushen al'ummar Musulmi ta Cape Town. Ya ce a otal ba a koya musu wannan ba, shi ya karanta da kansa.

Ta huɗu 'yar Jamus ce, Riesling, siririyar kwalba doguwa, guda biyar kacal suka rage a shagon. Kuɗin ɗaya ya sayi huɗu na 'yar Sifaniya. Inabin ƙasar sanyi ne, na bakin kogin Rhine da Mosel, inda ake dasa shi a gangaren duwatsu masu tsayi don ya samu rana, kuma tun 1435 sunansa ya fito a takardar lissafin wani basarake a garin Rüsselsheim. Tsaminsa ya fi na Chenin kaifi, kamar ɗanyen tuffa da lemon tsami, zaƙin kuma yana tafe da shi kafaɗa da kafaɗa, babu wanda ya danne wani. A cikin huɗun shi ya fi daɗi a bakina. Amma tebur arba'in ba wurinsa ba ne. Na sayi ɗaya na ajiye don buɗa-baki.

Sunaye biyun da masu kuɗi suka fi tambaya, Chardonnay da Sauvignon Blanc, duk a kantar dama suke, don haka ban ɗanɗana ba, abin da Baba ya faɗa zan faɗa. Chardonnay na yankin Burgundy ne a gabashin Faransa, akwai ma ƙauye mai wannan suna a can. A 1999 masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano iyayensa: Pinot, inabin manya, da wani Gouais Blanc, inabin talakawa da aka raina har ana hana dasa shi. Shi Gouais ɗin nan da ba a so, shi ne kuma mahaifin Riesling. Chardonnay a karan kansa ba shi da wani ƙamshi mai ƙarfi, kamar farar shinkafa yake, abin da aka yi masa shi yake ɗauka, musamman gangar katakon da ake ajiye shi a ciki. Don haka ko kin ci karo da ruwan inabi zalla mai sunan Chardonnay, ki sani suna za ki saya. Sauvignon kuwa sunansa daga kalmar Faransanci mai nufin na daji, gidansa Loire da Bordeaux, daga baya yankin Marlborough na Niyuzilan ya yi suna da shi. An san shi da ƙamshin ɗanyar ciyawa da koren tattasai da gwaiba, amma na gwaibar yawanci sai ya tsimu yake fitowa. Kuma duk da farinsa, shi ya haifi jan inabin nan Cabernet Sauvignon, an tabbatar da haka a 1997.

Na yanke shawara: katan huɗu na Muscat don kamu, katan huɗu na Chenin don dina, kowane katan kwalba 12, sai ja na ruwan inabi zalla da uwar amarya ta nace a haɗa.

Yanzu ga inda shagon ya gaza, kuma ba ƙanana ba ne.

Babu farashi a rubuce. Lokacin da Baba ya fita ya ɗan jima, na tambayi ɗaya daga cikin yaran kuɗin katan ɗin Muscat, ya faɗa mini abin da ya ɗara na Baba sosai. Wanda ya je bai tarar da dattijon ba, ya shirya ciniki kamar na Balogun. Sannan ajiyarsu ba ta yi ba. Wasu katan suna waje ƙarƙashin tamfol, ranar Legas na dukan su tun safe. Ruwan inabi ba ya son zafi, launinsa yana duhu, ƙamshinsa ya gudu. Na nace sai daga can ciki za a ɗebo mini, na sa 'yar yayata ta duba ranar ƙarewar wa'adi da lambar NAFDAC a kowane katan, domin jabun kayan sha ba baƙon abu ba ne a kasuwannin garin nan. Ta samu katan ɗaya da saura wata biyu ya ƙare, aka canza. Wurin ajiye mota babu, sai 'yan dako su kai miki bakin titi, wannan kuma kuɗinsa daban.

Babban laifin shi ne kawowa. Mun yi da su ranar Alhamis, na biya kuɗin mota. Alhamis ta wuce shiru, waya ba a ɗauka. Sai ranar Juma'a bayan isha suka iso Agege, ga kamu washegari. Da a da ne da na sa an shigar da su ɗaki na kwanta. Amma na zauna a tsakar gida da fitilar waya na buɗe katan ɗaya bayan ɗaya. A na shida na tarar da abin da nake tsoro: kwalba 12 na Chenin, tambarin kusan iri ɗaya, amma na kantar dama ne, wanda aka cire wa barasa. Jikina ya yi sanyi. Na kira Baba a lokacin, ƙarfe sha ɗaya ta kusa. Bai yi mini gardama ba, bai ce ai duk ɗaya ne ba. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ban tsaya a kan lodin ba, laifina ne." Ƙarfe bakwai na safe sai ga shi a ƙofar gidana da katan a ka, ya biyo danfo tun daga Eko, mutumin da ya girme ni da shekara ashirin. Ya ƙi karɓar kuɗin mota, da ƙyar ya yarda ya zauna ya ci waina. Wannan ya wanke shi a wurina, amma bai wanke shagon ba. Shagon da ke ajiye kaya iri biyu masu kama da juna, ga masu saye da bambancin ya shafi addininsu, bai kamata ya dogara da idon mutum ɗaya ba. Duk wadda za ta saya a can, ta tsaya a yi lodi a gabanta, ta tafi da kayanta.

A wajen kamu Muscat ya yi abin da na zata. Tun ana buɗewa mata suka fara tambaya wane iri ne, duk kwalaben da aka fitar babu wadda ta kwana. Kuskure ɗaya na lura da shi, nawa ne: na haɗa shi da alkaki da dubulan, zaƙi kan zaƙi, bai zauna ba. Waɗanda suka sha shi da tsire mai yaji su suka more, yajin da ƙamshin sun dace ƙwarai. Nan gaba da nama zan fitar da shi, kayan zaƙi kuma da shayi.

Chenin a dina ya raba mutane. Da jalof da soyayyun kaji ya tafi daidai, tebura da yawa sun nemi ƙari. Amma wata gwaggon amarya ta aiko a tambaye ni ko ya lalace ne, ta ji tsami. Bakin mutanenmu ya saba da cewa abin da ke cikin irin wannan kwalba zaƙi ne zalla, don haka in taron na tsofaffi ne, a haɗa da 'yar Sifaniyar ko da katan ɗaya. Kuma a sanyaya shi sosai, in ya ɗumama tsamin yana fitowa fiye da kima.

Zan koma shagon, amma sai na kira na tabbatar Baba yana nan. Muscat da Chenin zan ci gaba da saye, Riesling sai ta kaina.

Kwalba ɗaya ta Hanepoot na ɓoye tun kafin kamu. Bayan biki da kwana uku na saka ta a jaka na nufi gidan kawun angon bara, wanda rabona da shi tun ranar da ya kira ni. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye ta a gabansa ban ce komai ba. Ya laluba aljihu ya ciro tabarau, ya juya bayanta, ya bi rubutun da yatsa tun daga sama har ƙasa, bai tsallake layi ko ɗaya ba. Da ya gama ya ɗaga kai ya kira jikarsa, ya ce ta kawo kofi biyu.